Na Hana Zagi a Injin Casa

Masu bibiyata, ku yi mini uzuri in kun ga rubutu ya karkace yau. Idona na hagu a kumbure yake suntum, da ɗaya nake kallon wayar. Wanda ya fara karantawa daga nan, sunana Umaima, 'yar Haɗejia ce ni, kuma ni ce jami'ar walwalar ma'aikata a wani injin casar shinkafa da ke bakin hanyar Kirikasamma. Walwala fa na ce. Ku riƙe kalmar nan da kyau, don za ku ga irin walwalar da na haɗa wa mutane.

Safiyanu shi ne makanikin injin, kuma shi ne wanda nake so. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, ina son sa har cikin ɓargo. Baƙi ne dogo, kullum hannunsa da baƙin mai, in ya yi dariya sai ya dafe ƙeya. Da kunne kawai yake gane ciwon inji. Mu Fulani ne, duk da rabon gidanmu da ruga tun zamanin kakana, su kuma Barebari ne na wajen Guri. Da ƙyar da jiɓin goshi Abba ya yarda manyansa su zo tambaya ranar Asabar, don shi tun farko aikin nan nawa ne bai kwanta masa ba.

"Mace da digirinta a tsakiyar 'yan dako," haka Inna ke cewa kullum in ta ga ina kakkaɓe ƙaiƙayi daga mayafina. "Ga shi can kin kwaso miji mai warin gas."

Abba kuwa magana ɗaya ya yi: "Su zo in gan su. In na ga abin da bai yi mini ba, an gama."

Mahaifin Safiyanu ya rasu, don haka wanda zai jagoranci zuwan shi ne ƙanen mahaifinsa, Baba Ari, shugaban 'yan dakon injinmu. A cikin 'yan dakon kuma akwai Hamma Bakari, ɗan Baffana, wanda Abba ya riƙe tun yana yaro, a gidanmu ma yake da ɗakinsa a soro. Kun ga yadda gida da wurin aiki suka cakuɗe mini.

Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. To a injinmu ba wasa ba ne, sana'a ce. Tun da safe, buhu yana kan mutum, bakinsa na aiki.

"Fillo bawana! Zo ka ɗauki takalmin ubangidanka!" in ji Baba Ari.

"Rufe mana baki, mai fuska kamar kaza ta yi tono," in ji Hamma Bakari. "Da nonon shanunmu aka yaye ku."

Sai a fashe da dariya, a fizge hular wannan, a ɓoye abincin wancan. Ni a ciki na tashi, ba baƙona ba ne. Amma da kamfani ya tura ni horo Dutse kan yadda ake sa ma'aikaci ya ji daɗin aikinsa, sai na dawo kaina ya yi zafi. An koya mana cewa a riƙa duba alherin mutum maimakon laifinsa, a yawaita godiya, a yaba wa kowa da abin da ya iya, kuma baƙar magana tana cin zuciya a hankali ko da mai ita yana murmushi. Kar ku ce ƙarya aka koya mana. Na sa an yi rumfa a filin shanya, an kawo randunan ruwan sanyi, an raba takunkumi saboda ƙura, an ba mata masu turara shinkafa hutun shayar da 'ya'yansu. Tarin da ake yi ya ragu. 'Yar'azumi, shugabar matan, har da guɗa ta yi mini.

Yabon nan ne ya hau kaina. Wata rana baƙi suka zo daga Kano duba injin, suka ji wani ƙato yana kiran ɗan'uwansa bawa, na ga Manaja ya sunkuyar da kai. Washegari na kafa doka da yawunsa: babu zagi, babu tsokana, ko da wasa. Wanda ya yi, ya tafi gida ranar. A madadinsa kuma, duk Alhamis bayan azahar za a yi zaman godiya a ƙarƙashin rumfa, kowa ya dubi abokin aikinsa ya faɗi alherinsa.

Da yamma saƙon Safiyanu ya shigo.

"Ranki ya daɗe, na ji an ɗaure mana baki."

"An wanke muku shi dai," na rubuta, har da ɗan hoton murmushi.

"Rumfa ta yi, ruwa ya yi. Amma wannan ki sassauta. Inji ma yana da inda yake fitar da hayaƙi."

"Mutane ba inji ba ne, Malam Makanike."

"To. Allah ya sa mu ga alheri."

Na ji haushin "to" ɗin nan, har na kwana ban ba shi amsa ba.

Da farko abin ya yi kyau a ido. Filin ya yi tsit, sai ƙarar inji da ta shebur. Manaja ya yaba mini a gaban kowa. A zaman godiya ƙarti su zauna a kan buhuna suna sosa ƙeya, wannan ya ce, "Na gode wa Inuwa, ya ara mini allura," kowa ya tafa a sanyaye. Ni kuma ina ɗaukar hoto ina sawa a shafina, ina jin kaina a sama.

Ana haka ambaliya ta ci rabin gonar shinkafar Baba Ari a fadama, don ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa, ruwan ya juyo ta kansu. Rabin da ya tsira ya nuna ya yi jawur, saura yanka. Sai shanun gidan Baffana, waɗanda ƙanen Hamma Bakari ke kiwo, suka tsinke da hantsi suka faɗa ciki. Ko ƙwaya ba su bari ba.

Wannan ba shi ne na farko ba. Shekarun baya an taɓa yin irinsa, kuma kowa ya san yadda aka ƙare. Baba Ari ya ƙwace hular Hamma da takalmansa, ya sa shi yawo a filin shanya yana cewa "ni bawan Barebari ne", ya zage shi tun daga shi har saniyar kakansa, mutane na riƙe ciki don dariya. Bayan nan Hamma ya kai masa taki gona har ya ishe shi, da ƙwaryar fura da nono, aka wuce wurin. Amma wannan karon akwai dokar Umaima. Baba Ari ya shigo aiki bai ce uffan ba. Hamma ya gaishe shi da "ina kwana", shi da bai taɓa yi masa gaisuwar mutunci ba a rayuwarsa, ya amsa da "lafiya". Wallahi gaisuwar nan ta fi zagi muni, amma ni a lokacin har daɗi na ji, na ce ga tarbiyya ta fara kama su.

'Yan dako suka rabu biyu wajen cin abinci. Na lura Hamma ya fara zuwa da sandarsa yana jingine ta bayan sikeli.

Daren Laraba muna zaune a tsakar gida, Inna da ƙannena suna suyar dubulan da cincin na baƙin Asabar, ni an cusa mini ƙafafu a leda saboda lalle, sai ga saƙo.

"Gobe ki ɗage zaman nan."

"Saboda me?"

"Baba ko tuwo ba ya ci. Ki bari a wuce Asabar."

"Ai saboda Asabar ɗin zan yi. So kake su zauna a tabarma ɗaya suna hararar juna a gaban Abba? Gobe zan haɗa su su gode wa juna, ka gani."

Ya kira, ban ɗaga ba. Oh ni Umaima, da na ɗaga!

Alhamis na ci ado kamar mai zuwa biki, atamfa shuɗiya ɗinkin doguwar riga, mayafi ruwan toka, lalle ya kama ya yi jawur. Rana ta take, rumfar kwano tana huci. Maza suka zauna a kan buhuna, mata suka tsaya gefe da tsintsiya da matankaɗi. Na tafa hannu na yi murmushin da aka koya mana.

"Yau Baba Ari da Hamma Bakari ne za su buɗe mana. Baba, taso ka dubi Hamma, ka faɗi abin da kake gode masa."

Ba wanda ya motsa. 'Yar'azumi ta girgiza mini kai daga nesa, na ɗauke ido.

"Yarinya, bar ni in zauna," in ji Baba Ari a hankali.

"Haba Baba, kalma ɗaya ce. Kowa yana da alheri."

Ya miƙe. Dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, ƙugiyar ɗaukar buhu tana saƙale a ɗamararsa. Ya tsaya a gaban Hamma ya daɗe yana kallon sa.

"Na gode," ya ce. "Na gode da shanunku suka cinye abincin marayun da ke gidana. Na gode da ko jaje ba ka yi mini ba. Allah ya ƙara wa shanunku ƙiba."

Da a da ne, nan Hamma zai ce ai albarka shanun suka sa wa gonar, a yi dariya, a fizge hula. Na ga bakinsa ya motsa, maganar ta zo masa, sai ya waiwayo ya dube ni ya dubi Manaja, ya haɗiye ta. Abin da ya fito a madadinta ba wasa a ciki.

"Da ka kewaye gonarka. Burtalin shanu kuka nome."

Tas! Marin da Baba Ari ya ɗauke shi da shi ya yi ƙara har kwanon rumfa ya amsa.

Daga nan komai ya rikice. Hamma ya yi tsalle ya ɗauko sanda bayan sikeli, ya sauke ta a kan Baba Ari, na ji ƙwas, jini ya ɓalle ya rufe masa fuska har farin gemunsa. Wani ɗan Guri ya ɗaga shebur ya maka wa Hamma a baki, haƙora suka zubo a kan siminti. Wuri ya kaure. Waɗanda jiya suke gode wa juna saboda allura, yau suna jifan juna da duwatsun awo. Aka fasa randunan da na sa aka kawo, ruwa ya haɗu da jini da shinkafa, mutane na zamewa suna faɗuwa, ana tattaka su. Mata na salati suna jan 'ya'yansu. Manaja ya shige ofis ya danna sakata, kun ji namiji.

Ni kuwa ina tsakiya ina ihu, "Ku tsaya! Ku ja numfashi!" Numfashi fa! Gwiwar hannun wani ce ta ba ni amsa a ido, na ga wuta, na zube a kan buhu.

Daga ƙasan nan na hango abin da har gobe ba zai bar idona ba. Ƙugiyar Baba Ari ta faɗi, Hamma ya tsince ta. Bakinsa na zubar da jini, idonsa ya juye, bai san kowa ba. Baba Ari yana durƙushe yana laluben ƙasa, jini ya rufe masa ido. Hamma ya ɗaga ƙugiyar saitin wuyansa.

Safiyanu ya fito daga ɗakin inji da gudu, ko kashe injin bai yi ba. Bai ɗauki komai ba. Hannunsa na dama kawai ya miƙa.

Ƙugiyar ta shige ta tsintsiyar hannun, Hamma ya fizga, ta tsarge naman har tafi. Safiyanu bai yi ihu ba, wani irin nishi ya yi, ya durƙusa a kan baffansa ya rufe shi da jikinsa. Jinin har kan atamfata. Ganin haka ne ya sa kowa ya tsaya cak. Hamma ya saki ƙugiyar ya dubi hannunsa, ya ce, "Innalillahi, Safiyanu ne?" da bakin da ba haƙora.

Da mayafina aka ɗaure hannun. A bayan motar ɗaukar shinkafa aka kai su asibiti.

Gida kuwa ba a magana. Abba ya je ya karɓo Hamma daga wajen 'yan sanda ranar Juma'a, ya dawo ya same ni a ɗakin Inna ina gasa ido da tsumma.

"Kin ga aikin naki?" in ji shi. "Yarona ba haƙori, ɗan mutane ba hannu. Wace tambaya kuma ta rage? Ba za su zo ba. In ma sun zo, fitina ce ta kawo su, kuma ba zan ba da 'yata gidan da jini ya shiga tsakaninmu ba."

"Abba, don Allah..."

"Rufe mini baki! Ba ke ce mai hana mutane magana ba?"

Inna ta juye dubulan a roba ta tura ƙarƙashin gado tana share hawaye. Na kira Safiyanu ya fi a ƙirga, wayar a kashe. Na rubuta, "Ka yafe mini." Na rubuta, "Ka yi magana ko zagina ne." Saƙon ko shiga bai yi ba.

Yau Asabar. Da hantsi ina kwance da rigar da na kwana da ita, kai ba ɗankwali, sai na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Na leƙa ta tagar ɗakin Inna, wadda ke kallon waje. Maza ne cike da bayan a-kori-kura, 'yan Guri, fuskokin nan a murtuke. A gaba Baba Ari ne da babbar riga fara, kansa naɗe da bandeji, hular ma ba ta zauna ba. Ban ga goro ba, ban ga alewa ba.

Samarin gidanmu suka fito daga soro. Na ji ƙarar sanduna ana zaro su daga bayan ƙyaure. Hamma ya tsaya a bakin ƙofa, leɓensa a ɗinke. Abba ya fito ya tsaya a gabansu, hannu a baya. Maƙwabta suka fara janye yara. Inna ta kama hannuna tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Baba Ari ya tako har gaban Abba. Bai yi sallama ba. Ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Ina bayin gidan nan? Iyayengijinku sun zo, ba mai shimfiɗa tabarma?"

Hannun sulhu ya miƙo mana, da kansa a fashe, amma ba wanda ya san ko wasa ne ko neman faɗa, don an daɗe ba a yi ba, kuma an zubar da jini a tsakani. Hamma ba bakin magana. Abba ya daskare, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Wani ƙanena ya gyara riƙon sanda. Ɗaya daga cikin 'yan Guri ya sa hannu a aljihun rigarsa.

Budurwar da aka zo tambaya ba ta ko tari a ranar. Ɓuya take a ƙuryar ɗaki, kowa ya sani. Na fizge hannuna daga na Inna, na tura tagar da ƙarfi har ta bugi bango.

"Wane bawa ne yake magana a tsaye a ƙofar gidan Fulani?" Muryata ta fashe amma ban tsaya ba. "A durƙushe ake gaishe mu! Kuma shanunmu sun ce a gaya maka shinkafar ba gishiri, baɗi ka gyara!"

Inna ta ce, "Na shiga uku," ta zauna daɓas.

Duk kawuna suka juyo. Ga ni, ido ɗaya a kumbure, gashi a tsaye. Baba Ari ya ƙura mini ido. Sai gemunsa ya fara rawa. Dariyar ta ƙwace masa, ya dafe bandeji yana "wayyo kaina", yana yi yana tari. 'Yan bayan mota suka ɗauka. Hamma ya so ya yi, ɗinkin ya hana shi, sai hawaye, ya tako ya durƙusa ya cire takalmansa ya ajiye a gaban tsohon.

"Hular ma," in ji Baba Ari. "Da taki har gona. Ɗan banza mai bakin tsohuwa."

Abba ya juya baya don kar a ga fuskarsa, amma na ga kafaɗunsa na motsi. Ya ce a kawo tabarma. Ashe goron yana ƙarƙashin kujerar direba.

Ina tsaye a wurin, Inna na jawo robar dubulan tana ce mini mara kunya, sai wayata ta yi ƙara. Safiyanu. Saƙon murya ne, don ba hannun rubutu. Na kai kunne.

"Umaima." Muryar a dashe. "Likita ya ce jijiyoyin sun tsinke. Yatsun ba za su ƙara riƙe sufana ba. Ni ban san wata sana'a ba. Na ce wa Baba kar ya je, ya ƙi ji. Kafin Abba ya karɓi goron nan, ki aika a dakatar. Ba zan riƙe ki da komai ba, wallahi."

Na zauna a bakin gado. A waje ina jin ana kwance ganyen goro, wani na gyaran murya zai fara addu'a. Duk kalmomi masu daɗi da aka koya mana a Dutse suka zo mini, na ƙarfafa gwiwa, na sa rai, na godiya. Na rubuta su, na goge. Hawaye na ɗiga a kan gilashin, na share da gefen zani, na rubuta:

"Tun yaushe bawa yake ba uwargijiyarsa shawara? Hannu ɗaya ya isa ɗaukar mini jaka. Ka warke ka zo, raggo."

Na tura. Saƙon ya shiga. Ya buɗe.

A soro aka ce, "Fatiha." Na ɗaga tafin hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da wayar, idona mai lafiya yana kan sunansa, inda aka nuna yana ɗaukar murya, ya tsaya, ya sake farawa.